Daga Masassarar Murzuk Zuwa Gawayin Ɗaki: Tarihin Neman Lafiya A Sabha

 

A wajen dattijon da muke yi wa hidimar rubutu a nan Sabha akwai wani kundi mai baƙin bango. A cikinsa ake rubuta duk ɗan'uwan da ya kwanta ciwo aka yi masa karo-karo, da duk wanda Allah Ya yi wa rasuwa aka sallace shi aka binne a wannan ƙasa. Shekaru da dama ke nan alƙalamin yana hannunmu. Duk sa'ad da sanyi ya ƙarato mukan buɗe shafukan baya mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma wurin da idonmu ya fi tsayawa shi ne gefen da ake rubuta sanadi. Ajali na Allah ne, amma sanadin yana da abin da yake faɗa. Da wuya ka ga sunan cututtukan da kakanninmu fatake suke tsoro in an ambaci Fezzan. Abin da ke maimaituwa shi ne hayaƙin gawayi, da gobarar fetur, da harbin kunama, da tarin da aka ɓoye har ya ci ƙirji, da naƙudar da aka makara wajen kai ta asibiti. Wannan ne ya sa muka shiga tambayar dattawan gari da bin abin da aka rubuta, don mu san yadda wannan ƙasa ta riƙa yi da marasa lafiyarta, da yadda aka yi muka iso inda muke.

Ga wanda bai taɓa ƙetare hamada ba, Sabha ita ce babban birnin Fezzan, kudancin Libiya, fiye da kilomita 700 daga Tarabulus ta hanyar mota. Wanda ya taso daga Agadas ya biyo ta Dirku da Madama da Tummo da Gatrun, nan ne babban garin farko da zai sauke kaya. Asalinta ƙauyukan dabino ne maƙwabtan juna, irin su Jadid da Gurda da Hajara, waɗanda yau suka zama unguwanni a cikin birni ɗaya tare da su Mahdiya da Manshiya da Tayuri.

Amma a zamanin ayari ba Sabha ake nufi ba in an ce Fezzan. Murzuk ake nufi, can kudu da nan, mazaunin sarakunan gidan Aulad Muhammad, daga baya kuma mazaunin wakilin Turkawa tun daga 1842. Daga Murzuk hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi Kawar da Bilma ta faɗa Kukawa, ɗaya ta karkata Gat ta ratsa Abzin da Damagaram ta shiga Kano. Turkuɗin Kano da kirgi da gashin jimina da hauren giwa suna hawowa arewa, takarda da alharini da dutsen wuya suna gangarawa kudu. Larabawan Gadamas da na Tarabulus har unguwa suka yi a Kano, wadda ake kira Dandalin Turawa, tun lokacin da kalmar Bature ba ta koma kan Nasara ba. Hausa kuwa harshen ciniki ce a kasuwannin Murzuk da Gat da Gadamas, kuma har gobe akwai tsofaffi a Gat da za su amsa maka gaisuwa da ita.

Murzuk ta yi suna da arziki, ta kuma yi suna da masassara. An gina garin a cikin kwari, kusa da fadamun gishiri masu kwantaccen ruwa, kuma ƙasar da aka haƙa aka yi ganuwa da gidaje ta bar kududdufai a gefen gari. Mutum zai ratso rairayi wata da watanni lafiya lau, ya iso inda yake ganin ya tsira, sai zazzaɓi ya kayar da shi. Abin lura, Turawan farko da suka bar mana labarin wannan masassara da yawansu likitoci ne, kuma ba ta ƙyale su ba. Joseph Ritchie, likitan fiɗa ɗan Ingila, a Murzuk ya mutu a watan Nuwamba na 1819. A 1822 Clapperton da Denham da likita Walter Oudney suka yi zaman jiran ayari a garin, zazzaɓi ya taɓa su, shi Oudney bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Janairun 1824 kusa da Katagum, a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Gustav Nachtigal, likita Bajamushe wanda aka aiko da kyautar sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar na Barno, ya iso Murzuk a 1869, ya zauna yana duba marasa lafiya, ya rubuta abin da ya gani na zazzaɓi da ciwon ido da sauransu. Dukkansu iskar fadama suke zargi. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jini, a Ƙusantina ta Aljeriya, sa'an nan a 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar ta. Kafin nan kuwa sunan Fezzan ya riga ya zama abin tsoratarwa a Istanbul, domin nan Sultan Abdulhamid na Biyu yake turo waɗanda ya yi fushi da su, har ya zama karin magana a bakin Turkawa in ana nufin ƙarshen duniya.

To, in Bature mai akwatin magani ya mutu, yaya talaka ya yi? Babu asibiti, babu ma'aikacin hukuma da aka ɗora wa duba lafiyar jama'a. Abin da ke akwai shi ne abin da ayari ya ɗauko da abin da gida ya sani. Akwai wanzami da ƙahonsa da askarsa, akwai mai lalas da mai sakiya, akwai ungozoma, akwai malami mai tofi da rubutun sha. Ƙasar kanta tana ba da filasko, wanda ake kwasa har Tarabulus a sayar wa Turawa don wankin ciki, da kanwa daga tafkunan da ke cikin rairayin Ubari. Amma babban asibitin baƙo a wancan zamani shi ne gidan fatomansa. Falke ya sauka a gidan mai masauƙi, in ya kwanta shi ke jinyarsa, shi ke tsare masa kaya, in ya mutu shi ke yi masa sutura ya riƙe dukiyar har ayari na gaba ya kai wa magada. Madugu kuma shi ke yanke shawarar ko a jira mara lafiya ko a bar shi a zango da guzuri. Duk wanda ya san aikin sarkin zango a Kumasi ko Yawunde ya san wannan tsari, domin uwarsu ɗaya.

Wajibi ne mu faɗi ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. Da yawa daga masu jin Hausa da suka shigo Fezzan a ƙarni na 19 ba da ƙafar kansu suka zo ba, a ɗaure aka kawo su. Matafiya sun ba da labarin ƙasusuwan bayi a bakin rijiyoyin hanyar Bilma, kuma agana ta sha bin ayari ta yi ɓarna a cikin yaran da ake kora. Waɗannan ba su da fatoma. Waɗanda suka rayu suka samu 'yanci sun haɗa kansu a garuruwan arewa, suka riƙe abin da suka zo da shi, har da bori. Wani Bature mai suna Tremearne ya tarar da gidajen borin Hausawa a Tunis da Tarabulus, ya fitar da littafi a kansu a 1914. Mu da muka tashi a zauren malamai mun san hukuncin da aka karantar da mu game da bori, ba mu kuma sauya ba. Sai dai adalci ya sa mu ce waɗannan gidaje su ne inda bawan da ya tsufa ko ya haukace yake samun mai ba shi ruwa da harshen uwarsa.

Italiya ta faɗa wa Libiya a 1911. Sojojinta sun shigo Fezzan a ƙarshen 1913 da farkon 1914, aka fatattake su kafin shekarar ta ƙare, ba su dawo da ƙarfi ba sai 1929 zuwa 1930 a ƙarƙashin Graziani. Ganuwar da ke kan tudu a gefen Sabha, wadda hotonta ya daɗe a jikin takardar dinari goma, tana tuna wa mutane wannan zamani. A Janairun 1943 sojojin Faransa na Janar Leclerc suka hauro daga Cadi suka karɓe yankin, suka mai da Sabha mazaunin mulki, daga nan tauraron Murzuk ya ƙarasa dushewa. Maganin zamani da ya fara shigowa Fezzan maganin bariki ne. Likitan soja ne, an kawo shi don sojoji, in ya samu sarari ya duba mutanen gari, ya yi lambar agana, ya ɗiga maganin ido, ya raba kinin. Wanda ke kusa da bariki ya amfana, na ƙauyukan Wadi Shati da Wadi Ajal kuwa sai labari.

Ranar 24 ga Disamba 1951 Libiya ta samu 'yancin kai a ƙarƙashin Sarki Idris, Fezzan ta zama ɗaya daga jihohi uku, da Ahmad Saif al-Nasr a matsayin walinta. A lokacin ana lissafa ƙasar cikin mafi talauci a duniya. Amosanin ido ya makantar da mutane birjik, tarin fuka ya zauna a gidaje, tsargiya tana cikin ruwan lambunan dabino, yara kuma suna mutuwa da gudawa da ƙyanda kafin a yaye su. Dattawan Jadid da muka zanta da su sun ce a ƙuruciyarsu ba a ƙirga yaro cikin 'ya'ya sai ya yi ƙyanda ya tashi, maganar da duk Bahaushe mai shekaru ya taɓa ji a gidansu.

Man fetur ne ya juya al'amarin. An same shi da yawa a Zaltan a 1959, aka fara fitar da shi a 1961, kuɗi suka fara shigowa tun zamanin sarki, aka soma gina asibitoci da ɗakunan shan magani. Bayan juyin mulkin 1 ga Satumba 1969 aikin ya ƙara sauri. An buɗe makarantar koyon likitanci a Bingazi a 1970, sa'an nan dokar lafiya mai lamba 106 ta shekarar 1973 ta mai da magani haƙƙin kowane ɗan ƙasa, kyauta. Aka yi feshin sauro, aka cike kududdufai, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, har masassarar da ta kashe Ritchie ta daina kama mutum a cikin ƙasar, sai dai wanda ya shigo da ita daga waje. An shafe agana daga duniya baki ɗaya a 1980, shan inna kuma rabon Libiya da ita tun 1991. Sabha ta samu kulawa ta musamman, domin a nan Gaddafi ya yi karatun sakandare har aka kore shi a 1961, a nan kuma ya yi shelar mulkin jama'a ranar 2 ga Maris 1977. Babban asibitin gari da wannan rana aka sa masa suna, Asibitin 2 ga Maris, wanda yau ake kira Cibiyar Lafiya ta Sabha, kuma shi ne madogarar kudu gaba ɗaya, daga Gat har Gatrun.

Akwai rauni ɗaya a cikin wannan gini, wanda ba a gan shi ba sai da iska ta taso. An gina bango da kuɗin mai cikin hanzari, amma hannayen da ke aiki a ciki da yawansu na haya ne. Likitoci da ma'aikatan jinya daga Masar da Indiya da Filifin da ƙasashen gabashin Turai su ne suka riƙe asibitocin kudu, domin 'yan ƙasa da suka yi karatu sun fi son zama a bakin teku. Takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1992 zuwa 1999 ya hana jirage tashi zuwa waje, kayan gyaran na'urori suka yi wuya, masu hali suka koyi tafiya Tunisiya neman magani ta mota, al'adar da har yau ba a bari ba.

Mafi yawanmu a ƙarshen wannan zamani muka zo. Fari na 1973 da na 1984 ya riga ya koro mutanen Tawa da Damagaram da Abzin zuwa lambunan Fezzan, sa'an nan da Libiya ta juya fuskarta ga Afirka wajen 1998 ƙofa ta buɗe sosai. Mun tarar da ɗakin shan magani a kusan kowace unguwa. Ɗan Najeriya ya ce asibiti, ɗan Nijar ya ce likita, mutanen gari su ce mustashfa, duk wuri ɗaya ake nufi, kuma a wancan lokaci baƙo yakan shiga a duba shi a ba shi magani ba tare da dogon bincike ba. Ba mu ce babu wulaƙanci ba, akwai shi, baƙar fata ya sha ji. Amma ƙofar a buɗe take, kuma akwai magani a bayan kanta.

Abin da ya biyo bayan 2011 kowa ya ji shi a rediyo. A watan Maris na 2012 faɗa ya ɓarke a Sabha tsakanin Tubawa da wasu ƙabilun Larabawa, aka rasa kusan mutum 150 cikin mako guda. An sake a Janairun 2014, an sake a farkon 2018, lokacin da harsasai suka riƙa faɗawa cikin harabar babban asibiti saboda kusancinsa da fagen fama. Ma'aikatan haya suka tattara nasu ya nasu suka tafi, ba mai ganin laifinsu. Gari ya rabu unguwa-unguwa, har ya zama akwai mazaunin Sabha da ke ganin asibitin da idonsa amma ba shi da ikon taka ƙofarsa saboda ƙabilarsa, sai ya ɗauki mara lafiyarsa ya nufi Murzuk ko wani gari mai nisa. Da annobar korona ta shigo Libiya a Maris na 2020, Sabha ce ta zama cibiyarta a ƙarshen Mayu da Yuni, a lokacin da iskar numfashi ta asibiti take da wuyar samu. A 'yan shekarun nan ƙura ta lafa, an yi gyare-gyare, an ga sabbin gine-gine da hanyoyi, muna kuma yi wa Allah godiya. Amma shekarun rikici sun sauya yadda mutane ke zama a cikin gidajensu, kuma nan ne kundinmu ya fara cika.

Dubi lamarin fetur. Rijiyoyin Sharara da ke kusa da Ubari suna iya fitar da ganga kusan 300,000 a rana, kuma farashin hukuma na litar fetur a Libiya bai kai na ruwan kwalba ba. Duk da haka shekara da shekaru gidajen mai na kudu a rufe suke ko kuwa layi ya yi kwana, man yana bin hanyar fasa-ƙwauri, sai a bakin titi ake samunsa da ninkin kuɗi. Da wutar lantarki ta zama ta jeka-ka-dawo, kowa ya nemi janareta, kowa ya koyi ajiye jarka. Ɗakin da samari shida ke kwana, a nan jarkar take, a nan tukunyar gas take, a nan ake dafa shayi. Ranar 1 ga Agusta 2022 wata tankar mai ta kife a Bint Bayya, a kan hanyar Ubari, jama'a suka taru da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi. Mutum 9 aka fara ƙirgawa a ranar, sama da 70 suka ƙone, adadin mamatan ya yi ta ƙaruwa a kwanakin da suka biyo. An kawo su Sabha, daga nan aka kwashi masu tsananin ƙuna a jirgi zuwa Tarabulus da Bingazi da ƙasashen waje. Ba wanda zai kira waɗannan bayin Allah ɓarayi in ya san yadda ake wahalar mai a nan. Abin da ya kamata a sani shi ne tururin fetur da na gas sun fi iska nauyi, a ƙasa suke kwanciya su bi daɓe kamar ruwa, su je su tarar da wuta a inda take. Wanda ya shigo ɗaki ya ji warin gas, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya buɗe ƙofa da taga ya rufe kan tukunyar. Da ruwan sabulu ake gwada tiyo, in ya yi kumfa yana yoyo. Wanda ya ƙone kuma ruwa mai sanyi ake kwarara masa na kimanin minti 20 kafin a kai shi asibiti, ban da man goge baki da ɗanyen ƙwai da gishiri da muke gani ana shafawa.

Sai gawayi, wanda ya fi ba mu baƙin ciki domin ba ya ihu. Mutanen gida suna ɗauka hamada zafi ce kawai. A watan Disamba da Janairu sanyin daren Sabha yakan kusa daskarar da ruwa, kuma yaron da ya zo daga Maraɗi da riga ɗaya bai taɓa jin irinsa ba. Wata shekara aka buga mana waya da asuba daga wani lambu a bayan gari. Samari uku ne 'yan gari ɗaya, sun hura gawayi a kasko, sun shigar da shi ɗaki, sun toshe ƙasan ƙofa da buhu saboda iska. Mai lambun ya ga ba su fito salla ba ya ɓalle ƙofa. Biyu sun farfaɗo a asibiti da ciwon kai da amai, na ukun, wanda ya fi kusa da kaskon, yana kwance kamar mai barci, bargonsa ko motsi bai yi ba. Mu muka rubuta wa mahaifinsa, kuma mun daɗe da alƙalami a hannu muna neman yadda za mu gaya wa dattijo cewa ɗansa ya tsallake hamada lafiya, kaskon wuta ya yi ajalinsa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Mutum ba ya jin shaƙewa, kasala ce ke saukar masa sai barci. Hayaƙin janareta ma haka yake in an kunna shi a cikin zaure ko kusa da taga don tsoron ɓarayi. Tun muna zauren karatu aka sanar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe wuta in za a kwanta, a rufe ƙorai da tulunan ruwa. Mun haddace shi muna yara a matsayin ladabin kwanciya, sai a Fezzan muka ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Kunama kuwa tsohuwar 'yar gari ce, ta riga kowa zuwa. Irin ta wannan hamada, musamman rawayar nan da mai kaurin wutsiya, dafinta ya wuce na wadda muka sani a gida, yana iya kashe ƙaramin yaro cikin sa'o'i. Da zafi ya shigo takan fito, kuma ta fi yawa a unguwannin gefe inda ake zama a gidajen bulo marasa shafe da tarin tarkace, wato inda talaka da baƙo suke. An yi shekarun da allurar dafin ta yanke a asibitocin kudu, yara suka mutu a Ubari da wasu garuruwa, jaridu suka ɗauka. Mutanenmu suna da al'adar tsaga wurin a tsotse, ko a ɗaure da tsumma a tafi neman mai tofi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota. Yaron da kunama ta harba ya fara zufa da dalala da amai ba shi da lokacin jira. Ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, da kakkaɓe takalmi da safe, da toshe tsagar bango, sun fi duk wani laƙani da aka taɓa kawo mana.

Har ruwan sama, wanda da ƙyar yake kai milimita 10 a shekara a nan, ya shiga lissafi. Gat ta sha ambaliya a Yunin 2019, dubban mutane suka bar gidajensu. A tsakiyar Satumban 2024 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Sabha, gidajen ƙasa suka zube, aka yi asarar rayuka, tituna suka zama tafki domin ba a gina garin da tunanin magudana ba. Ruwan ya haɗu da na masai da ke tumbatsa a wasu unguwanni, ga wayoyin lantarki da aka ja barkatai suna kwance a ciki. Kwanaki bayan haka muna tsaye bakin wani kududdufi sauro ya taso mana, wani dattijo ɗan gari ya yi dariya ya ce ga Murzuk ta biyo mu har gida. A ƙarƙashin wannan ƙasa kuwa ruwa mai daɗi ne jibge, wanda ake zuƙowa daga rijiyoyin Jabal Hasawna a tura Tarabulus ta Babban Kogin da aka haƙa, tun 1996, alhali a Sabha in wuta ta ɗauke famfo ma ya ɗauke.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka babu inda za a je. Cibiyar Lafiya ta Sabha tana karɓar gaggawa dare da rana. Akwai ɗakunan shan magani na unguwanni inda ake awon ciki da rigakafin yara. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa tana da reshe a gari, ita ke riƙe da gwaji da maganin tarin fuka, kuma in an fito gangamin rigakafin ƙyanda da shan inna ana haɗawa da 'ya'yan baƙi. Akwai hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya, akwai 'yan kwana-kwana a ƙarƙashin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Ƙungiyar Jinjirin Wata ta Libiya, wadda aka kafa tun 1957, samarinta ne ke kwaso gawarwakin da hamada ta ci, su yi musu sutura ko ba a san sunansu ba, Allah Ya saka musu da alheri.

Abin da ke tsakanin ɗan'uwanmu da waɗannan ƙofofi tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Doka mai lamba 19 ta 2010 ta mai da zama ba takarda laifin ɗauri da kora. Takardar zama tana bukatar shaidar lafiya, wanda gwajinsa ya nuna wata cuta yana iya fuskantar mayarwa gida. Saboda haka mai tari yakan sayi maganin tari a kanti wata shida yana tofar da jini, yana kwana da mutum biyar a ɗaki, alhali tarin fuka yana warkewa da maganin wata shida in an sha shi bai yanke ba. Mai zazzaɓin da ya shigo daga Nijar makon jiya yakan kasa gaya wa likita daga ina ya zo, likitan kuma ba zai yi tunanin cizon sauro ba a ƙasar da cutar ta daɗe da barinta. Mace takan yi naƙuda kwana biyu a ɗaki domin mijinta yana tsoron shingen bincike da dare. Ga kuma harshe, mutum yana jin ciwo a Hausa ana tambayarsa da Larabci.

Nan ne aikin fatoma ya dawo, bayan shekara ɗari da ake zaton ya mutu tare da ayari. Dattijonmu ba likita ba ne, ba shi da ofis sai tabarma da waya. Amma an san fuskarsa a asibiti, an san ta a wajen masu unguwanni, kuma in ya raka mutum akan saurare shi. Daga cikin jama'a an ware waɗanda Larabcinsu ya nuna, masu yin tafinta, da mata biyu-uku da ke raka masu ciki awo, da masu mota da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Akwai asusun da ake zuba abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, daga cikinsa ake sayen magani da likkafani, da kuɗin motar wanda ciwo ya gama da shi yana son ya mutu a gaban uwarsa. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, to mu da muke da gida biyu mun ga cewa na biyun yana bayan kwana da kwanaki na rairayi, ba ya kashe wutar da ta tashi a Gurda.

Tun bayan rasuwar yaron nan na lambu, in Nuwamba ta kama, bayan sallar Juma'a mukan rabu biyu-biyu mu zaga ɗakunan samari a lambuna da wuraren buga bulo. Mukan duba inda jarka take, mu sa a fitar da ita inuwa a waje, mu shafa ruwan sabulu a tiyon gas, mu nuna tagar da za a bari a buɗe, mu bar lambar wayar da za a kira. Wasu su yi godiya, wasu su yi mana kallon tsofaffin da ba su da aikin yi. Bara asusun ya sayi barguna aka raba wa sabbin zuwa, domin mun lura duk wa'azin da za ka yi wa mai jin sanyi a kan gawayi, in ka tafi ka bar shi da riga ɗaya zai hura shi. Bana ma an fara tarawa, kuma sabbin zuwa sun fi na bara yawa tun da Nijar ta soke dokar hana jigilar baƙi a ƙarshen 2023.